Ba Ƙofar Mota Ce Ta Karya Hannun Yaya Ba

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Yaya ya riga ni komawa. Ranar Talata da hantsi ya cika a gidansa na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Argungu anka ɗauko ni a mota, amma ban iske shi ba.

Na zauna makoki da yawa a duniya. Na rasa miji, na rasa ƙane, na rasa ɗiya biyu. Amma ban taɓa ganin inda maza ke cire hula suna nuna wa juna kai ba sai a ƙofar gidan Yaya. Ina saukowa daga mota na gan su a ƙarƙashin rumfa. Wani direba daga Augie ya sunkuyar da kai yana bin tabo da yatsa.

"Ku duba, daga kunne har ƙeya. Tirela ta."

Na kusa da shi ya ce, "Naka ai wasa na. Ni sai da Likita ya cire ƙashin ya aje shi wata uku, kana ya maida mini abina."

Sunka yi dariya. Sai direban ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

A cikin gida wata mata ta jawo ɗiyarta gabana, doguwa, da goyo a baya. Ta ce an haife ta kai na kumbura kamar tulu, ruwa na taruwa a ciki, dangin uba har sun daina zuwa dubiya. Yaya ya sa mata siririyar roba daga kai zuwa ciki, ruwan ya sami hanya. Ta ce, "Inna, ga ta nan. Ga jikana a bayanta."

Sai likitocin da ya koyar sunka shigo gaida uwargida. Babbansu, mai furfura a gemu, ya durƙusa yana share hawaye ya ce, "Hajiya, da ba don ƙofar motar nan da ta datse masa hannu ba, Allah kaɗai Ya san rayukan da zai ƙara ceta." Mata sunka ɗauka da salati. Wata ta ce ƙaddara. Wata ta tsine wa motar.

Ina gefe ina tauna goro, sai na tofar da shi. Don ba ƙofar mota ba ce. Ni ce, da taɓarya. Shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Yanzu an rufe shi da ƙasa, haƙƙin yana wuyana, ni kuma ba yarinya ba ce.

Amma bari in fara gaya muku ko wane irin hannu ne, don ku san abin da na karya.

Mu wanzamai ne tun kaka da kakanni. Babanmu shi ke yi wa rabin unguwarmu aski da ƙaho da kaciya, shi ke aske jarirai ranar suna. Mutum ne mai saurin hannu, a aiki da a duka. Mu uku ya haifa: Yaya, ni, sai ƙanenmu. Yadda ya koya wa Yaya riƙon aska, zai tsinko ɗanyar kuɓewa mai ƙaiƙayi, ya ce ya aske gashinta tas kada ya ji mata ciwo. In yauƙi ya fito, bulala ɗaya da tsumagiyar tsamiya. Na sha shafa masa man shanu a baya yana cizon gefen tabarma. Kafin ya kai shekara goma, sai ya aske kuɓewa ƙwarya guda suna sheƙi, ba ko ɗigon yauƙi.

Ranar da dogarai sunka zo neman yaran boko, a ƙofar gida sunka iske shi yana wasa aska. Baba ya yi kokawa da su, ya ciji ɗaya a kunne, sunka ɗaure shi a jikin itacen bedi sunka tafi da Yaya. Ni mace ce, ba wanda ya neme ni. Har yau ban san baƙi ɗaya na boko ba, kuma ba wanda ya taɓa kayar da ni a magana.

Daga nan karatu ya haɗiye shi. Birnin Kebbi, Sakkwato, sai Zariya shekara shida. Duk zuwan da zai yi hutu in ce, "Yaya, ka ƙare?" Ya ce, "Saura." Na yi aure, saura. Na yaye na biyu, saura. Ya zama likita munka yi guɗa, ya ce wannan ai ƙofa ce kawai ya shiga. Ya tafi Kudu ya yi shekaru yana koyon yankan ciki da gyaran ƙashi. Munka ce to yanzu fa? Ya ce zai je ƙasar Turawa koyon aikin kai. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari kana ya dawo ya ce ya ƙare, kuma ko a lokacin da littafi a hammatarsa.

Shi da Baba ba su daɗe suna shiri ba. Wata rana, yana ɗalibi a Zariya, ya zo hutu ya iske Baba zai cire wa wata jaririya beli, alhali yayarta ta mutu da zubar jini a kan wannan aikin. Yaya ya riƙe wa Baba wuyan hannu a gaban mutane. Baba ya ɗauki ƙaho ya kwaɗa masa a baki, haƙori ya faɗo ƙasa. Abin da ba zan manta ba, Yaya bai kare fuskarsa ba. Hannuwansa ya maida baya ya haɗa, ya miƙa fuska. Baba na duka, jini na zuba a rigarsa, shi hannuwa kawai yake ɓoyo. Haka yake duk rayuwarsa. Ba ya saran itace, ba ya yanka ragon layyarsa, in za a gaisa yatsu kawai yake miƙawa. Mutane na cewa girman kai ne.

Abin da ya shirya su da Baba ƙwan zabuwa ne. Da ya dawo daga Turai ya iske Baba ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya zauna gabansa ya ce a ba shi aska da ƙwai ɗanye. Ya riƙe ƙwan da hagu, ya riƙa kankare ɓawon da dama, sannu sannu, har ya cire ɓawo kamar faɗin kwabo, fatar nan ta ciki tana nan ba ta huje ba, kana hango kwanduwa na motsi. Ya ce haka kan mutum yake, ƙashi a waje, fata a ciki, sannan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fi kindirmo laushi. Baba ya karɓi ƙwan ya kai kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wanga ba Turawa sunka ba ka shi ba. Kuɓewata ta."

A Sakkwato ya yi yawancin aikinsa. Wanda ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa har ya makance, wanda ya faɗo daga giginya ƙashin baya ya danne laka, jaririn da anka haifa da ƙulli a gadon baya, duk wajensa ake kai su. Yakan shiga ɗakin tiyata da hantsi, bai fitowa sai magariba, a tsaye, ba ci ba sha, ido a kan wani madubi da ya ce yana maida jijiya mai kaurin gashi ta zama kamar igiyar guga.

Kada ku ce waliyyi ne. Zafin Baba ya gado duka. Ya taɓa jifan wani ƙaramin likita da almakashi don ya yi hamma a kan buɗaɗɗen kai. A kasuwar Birnin Kebbi, a gabana, ya tare ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace mai ciki a babur yana gudu, ya zare makullin ya wurga saman kwano, ya ce, "Ka hau ka ɗauko. In ka hwaɗo ka san inda nike." Ranƙwashi kuwa, in ya ga an yi wa yaro, sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Ya taɓa shaƙe mijina a kan haka. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ku doki baya in dole na. Kai nawa na."

To, ranar da abin ya faru Juma'a ce, da rani, lokacin ban ruwan albasa.

Ɗana na fari a lokacin magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Ku da kunka taso yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ni na yi ta yadda ake yi. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ta rene shi. Ban taɓa kallon tsakiyar fuskarsa ba. In ya shigo ta nan, ni in juya can. "Wancan" nake ce masa. Matan unguwa da ni suke misali in suna yi wa amare faɗa, kuma ina jin daɗin haka.

Da safe a fadama sunka yi cacar baki da mutanen hayin gulbi a kan wanda zai fara jan ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya juya gatari ya sauke masa bayansa a saman kunnen hagu. Ya faɗi, anka ce ya mutu. Anka sheƙa masa ruwa, ya tashi. Da ƙafarsa ya dawo gida, jini ya bushe masa a wuya. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, na dawo." Zuciyata kamar ta fito ta baki, amma matan gida na kallo. Na juya fuska bango na ce, "A ce wa wancan ya tahi ya wanke jininga, shina ɓata muna tsakar gida."

Ya wanke. Ya ci tuwon shinkafa. Ya ce kansa na sara. Anka kira ƙanenmu, wanda ya gaji zabirar Baba, ya aske wurin ya kafa ƙaho biyu. Baƙin jini ya fito, ya juye a ƙwarya ya zagaya da shi yana nuna wa kowa: "Ga mugun nan ya hita." Munka yi hamdala. Can sai ya yi amai, ya kwanta, ya fara minshari. Munka ce barci ya samu, a hana yara hayaniya.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga motar Yaya. Daga Sakkwato yake, zai wuce Birnin Kebbi, ya biyo gaisuwa. Tun daga zaure ya ji minsharin. Bai amsa sannu da zuwan kowa ba, ya faɗa ɗakin da takalmi. Ya durƙusa ya buɗe masa ido ɗaya, ya buɗe ɗayan. Ya fito ya nufo ni.

"Tun yaushe shika wanga barci?"

"Tun kahin azahar."

"Kin duba idonai?"

Na ce, "Ni in dubi idon ɗan hwari? Yaya, boko ya haukata ka?"

Ya damƙi wuyan hannuna ya ja ni a ƙasa har ɗakin, zanena na kwancewa, mata na ihu. Ya kama ƙeyata ya danna kaina a kan fuskar yaron, ya buɗe idanun da yatsu. "Duba! Duba, don ubanki, ubanmu ɗaya!" Baƙin idon dama ƙarami, na hagu ya buɗe kamar bakin rijiya. Shekara talatin da haihuwarsa, ranar na fara ganin fuskarsa kusa. Girar innarmu ce da shi sak. Akwai wani tsohon tabo a haɓarsa da ban san lokacin da ya same shi ba.

Yaya ya yi ƙwallo da ƙwaryar jinin, ta fashe a bango. Ya ɗauke ƙanenmu da mari, mutum mai jikoki. "Jinin na ƙarƙashin ƙashi, jaki! Jijiya ta tsinke, tana cika mai kai. Ƙahonka na kai can?" Ya ce wa matar yaron ta kama ƙafafu. Na ce ina za a kai shi. Ya ce, "Birnin Kebbi. Zan huda kan in hidda jinin. In anka kai la'asar sakaliya, gawa ta."

Huda kai. Na san yana yi wa 'ya'yan mutane, har alfahari nake da shi a gidan biki. Ban taɓa kawowa a raina za a yi wa nawa ba. A wajenmu wanda anka buɗe wa kai, ko gawa ko mahaukaci. Kunyar shekara talatin ta tashi a lokaci ɗaya. Na tare zaure da hannuwana biyu ina kiran sunan yaron, sunan da ban taɓa faɗa ba, ina cewa a bar mini shi ya mutu da kansa a rufe. Yaya ya ture ni da kafaɗa. Na faɗa kan turmi, leɓena ya fashe.

Da na tashi, taɓarya ce a hannuna.

Na iske sun kwantar da shi a bayan mota. Yaya ya sunkuya yana gyara masa wuya, hannunsa na hagu yana dafe da bakin ƙofa. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba: na ga hannun, kuma shi na nufa, don na san da shi zai huda. Na ɗaga da ƙarfin macen da ta yi shekara arba'in tana daka. Ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Bai yi ihu ba. Ya miƙe ya ɗaga hannun yana kallo. Yatsan tsakiya da na kusa da shi sun kwanta gefe, farcen ɗaya ya tashi. Ya kama su da dama ya ja, na ji ƙas, sunka miƙe. Ya naɗe da hankici ya ɗaure da haƙori. Mu huɗu ne a wurin, ni da shi da ƙanenmu da matar yaron. Ya dube su ya ce, "Ƙohwar mota ta. Wanda ya hwaɗi wani abu ban da wanga, ni da shi har lahira." Ya dube ni. "Ki shiga ko ki kauce."

Na shiga. Kan ɗana a cinyata har Birnin Kebbi, yana minshari, kumfa na fita a bakinsa. Yaya na tuƙi da hannu ɗaya, in zai sa giya ya danne sitiyari da gwiwar hannu. Jini na ɗiga daga hankicin zuwa kan farar shaddarsa. 

A lokacin asibitin ba shi da injin ɗaukar hoton kai, kuma ba sauran lokacin zuwa Sakkwato. Abin da ya faru a ciki wata malamar asibiti ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ta ɗaure masa yatsun da filasta, safar hannu ta ƙi shiga, sai da anka nemo babba. Ta ce a yi masa allurar kashe zafi, ya ce in hannun ya mutu da mi zai ji ƙashi. Abin hudawar irin na kafinta ne, hagu ke riƙewa, dama ke juyawa. Ta ce duk juyi ɗaya sai ta ji haƙoransa na ƙara, har ya tauna ƙyallen da ke bakinsa ya huje. Da ƙashin ya buɗe, gudan jini ya tunkuɗo kamar hanta. Ya kwashe, ya nemo jijiyar ya ɗaure. Kafin a kira magariba baƙin idon ya fara komawa. Ina zaune a baranda na ga ya fito, ya wuce ni, ya durƙusa bakin kwata ya yi ta amai.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da hannun ya gyaru. Amma da asuba mazan unguwarmu sunka haye gulbi da adduna da gariyo. Sunka ƙone bukkoki da rumfunan albasa, sunka sare injin ban ruwa, sunka kama wanda ya yi dukan sunka rama masa da taɓaryar gidansa. Da hantsi akori-kura ta sauke mutum biyar a asibiti, shi a ciki, kansa ya lotsa kamar tsohuwar tasa. Likitan ƙashi ya riga ya zo zai gyara wa Yaya hannu, hannun ya kumbura kamar gwanda. Yaya ya dubi mutumin ya ce a shirya ɗaki.

Na sha gabansa. "Wanga na ya so kashe mini ɗa. Bar shi ya mutu."

"Kauce."

"In ka taɓa shi ba ni ba kai."

"Jiya ma da na taɓa naki hakanan kika ce. Kauce."

Sai bayan la'asar ya fito. Wannan aikin ne ya ƙarasa yatsun. Mutumin ya rayu, har yau yana sayar da albasa. Ni kuma na sami abin riƙewa. Duk sanda zuciyata ta ce je ki durƙusa, sai in ce mata ai shi ma ya ceci maƙiyina a gabana, mun yi daidai. Da wannan na rufe bakina shekara ashirin. Na san ba daidai ba ne. Tun ranar na sani.

Ɗana ya tashi. Wata biyu ya koma fadama. Ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka. Shi ma ƙofar mota ya sani, kuma kansa yake ɗora wa laifi. Yakan ce garin gaggawar kai shi asibiti Kawu ya rasa hannu. Duk kaka shi ke kai wa Kawu shinkafar farko a kansa, ba ya bari a ɗaukar masa. Ina ji yana faɗa, ban taɓa gyara masa ba.

Yatsun sunka warke a sandare, ba sa lanƙwasawa. Bayan shekara ɗaya Yaya ya zo Argungu, na leƙa ta taga na gan shi shi kaɗai a ɗakin Baba, da aska da ƙwai. Na farko ya suɓuce. Na biyu ya huje. Na uku ya riƙe ya daɗe yana kallo, sai ya maka shi da bango, ya bi da ƙwaryar duka. Ya fito ya gan ni. Ya ce, "A wanke bangon." Daga shekarar ya daina aikin ƙari da duk wani aiki mai laushi. Ya koma tsayawa bayan ɗalibai yana yi musu tsawa, hannuwansu na yi, bakinsa na faɗa. Waɗancan masu furfurar da sunka zo kuka, haka ya yi su.

Bai taɓa yanke ni ba. Da mijina ya rasu shi ya fara isowa. Da idona ya yi yana, shi ya kai ni anka cire, ya zauna yana zagin mai aikin har anka gama. Muna faɗa a kan komai, gishirin miya, auren jikoki, wanda ya fi wani taurin kai. A kan hannun kaɗai ba mu taɓa faɗa ba.

Sati biyu kafin ya cika na je duba shi, na tafi da niyyar faɗa. Na soya masa kifi na kai. Na iske shi a kujera a tsakar gida, ya rame, ƙafafu sun kumbura. Ya ci kifin kaɗan ya ce na cika yaji kamar kullum. Can ya ɗaga hannun hagu tsakanina da shi, ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Damina ta kusa. Sun soma yi mini ciwo." Ya tsaya yana kallona. Ya daɗe yana kallona. Ƙofa ya buɗe mini, na sani. 

Na ce, "Ka riƙa shafa man shanu."

Ya yi 'yar dariya ya sauke hannun. Ya ce, "Ɗiyar Baba." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar bakwai, da mutane sunka ragu da rana, na kira babbar ɗiyarsa ɗakinsa. Ita ma likita ce, ta mata, tana da 'ya'ya manya. Na ji malamai na cewa in mai haƙƙi ya mutu, magadansa ake nema. Na shiga da ɗan dutsen niƙa a cikin zane. Na rufe ƙofa, na zauna ƙasa, na shimfiɗa hannuna na hagu a kan tayil, na tura mata dutsen. Na faɗa mata duka, kamar yadda na faɗa muku.

Na ce, "Ga su nan. Na tsakiya da na kusa da shi. Ki rama mai."

Ba ta yi kuka ba. Fuskarta ta koma ta ubanta. Ta ce, "Gwaggo, akwai wata yarinya da anka kawo mai ina ɗaliba, da ƙari bayan ido. Ya san aikin, ya yi irinsa ba sau ɗaya ba. Ya dubi hoton, ya dubi hannunsa, ya ce wa uban su tafi gida. Kwana uku bai ci abinci ba. Ni ina zagin mota."

Ta ɗauki dutsen da hannu biyu. Ta ɗaga shi sama da kanta. Na rufe ido na yi shahada, ban janye hannu ba. Na ji ƙara, wani abu ya yanke ni a kumatu. Da na buɗe ido, tayil ɗin da ke gefen ɗan yatsana ya tarwatse, dutsen ya rabe biyu.

Ta ce, "Ba ni kika karya ba, ba ni zan yafe ba. Kuma ba zan sauƙaƙa miki da yatsu biyu ba. Za ki faɗa da bakinki in rubuta, kada ki rage komai. Ranar arba'in za a karanta, maza da mata na ji."

Na ce, "Har wancan?"

Ta ce, "Shi ne a sahun gaba."

To ga shi na faɗa, ta rubuta. Inda na so in tsallake ta ajiye biro ta zuba mini ido har sai na dawo. Ya Allah, Ka ji ƙan Yaya, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa kowane kai da ya buɗe ya rufe ya zame masa shaida. Ku da kunka ji, in kun yi masa addu'a ku tsaya nan; tawa ban roƙa ba tukuna.

Arba'in jibi ne, Asabar. Ɗana ya riga ya kawo shinkafar sadaka, bai san abin da za a karanta ba. Sun ce za a sa mini kujera a cikin ɗaki bayan labule, saboda tsufa. Na ce a'a. A shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, inda kowa zai gan ni.